Hoto Na Ashirin Da Biyu

Kafin ku fara yi min faɗa a ƙasan rubutun nan, kamar yadda wasunku suka saba, bari in faɗi laifina da bakina. Ni na ce wa Umma ta ba ni fim ɗin kyamara ɗaya in yi tunani. Ba wata ɗaya ba, ba sati biyu ba, fim ɗaya.

Ga waɗanda yau suka fara bibiyata, ni ce autar gidanmu, malamar aji uku a wata makarantar firamare. Shekarata ashirin da bakwai, wato a lissafin Gwaggona saura kaɗan a saka ni a gidan ajiye kayan tarihi. Bara muna share ɗakin ajiyar makaranta na ci karo da wata baƙar kyamara a cikin kwali, ƙarƙashin tsofaffin kofunan gasar gudu. Nauyi gare ta kamar dutsen guga. Na jujjuya ta ina neman inda ake ganin hoto, babu. Na nemi inda ake caji, babu. Shugabar makaranta ta ce in ɗauka in ina so, in ba haka ba bola za ta tafi. Ni kuwa Allah Ya yi ni da son bin ƙwaƙwaf, abin da ban gane ba ba ya barina in yi barci.

Haka na gano Baba Mai Hoto. Shagonsa na bayan layin masu sayar da waya, siriri kamar lungu, da wani wari mai tsami na ruwan wankin fim da yake bin mayafinki har gida. Shi ya gyara ta, shi ya koya min cewa hoto talatin da shida kacal ke cikin fim guda, kuma ba za ki ga ko ɗaya ba sai kin gama an wanke. Da farko na ce wannan ai wahala ce da gangan. Amma ranar da ya miƙo min hotunana na farko, na ga 'yan ajina a bakin famfo, hasken safiya ya sauka a kan wata yarinya tana dariya da giɓinta, sai na zauna a kan bencinsa ina ta kallonsu. A wayata akwai hotuna sun fi dubu huɗu, ban san ko ɗaya da ka ba. Waɗannan kuwa kowanne na tuna inda na tsaya da abin da nake ji a raina lokacin da na danna.

To, ga kuma Mai Keke.

Umma tela ce, a ɗakin gaba take ɗinki. Wata rana kekenta ya fara tsallake zare, aka turo mata wani saurayi da ke kula da kekunan wani babban kamfanin ɗinki. Dogo ne, mara hayaniya, kullum da ɗan sukundireba a aljihun gaban rigarsa, inda wasu ke saka biro. Ya zauna minti arba'in bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Umma, gwada mu gani."

Ta taka, keke ya tafi sumul. Ta ce, "Me ya same shi ne?"

"Ai ya wuce, Umma."

Shi ke nan, Umma ta kamu. Da yamma take ce min, "Kin ga mutum? Ba ya tayar miki da hankali. Ba ya gaya miki ciwon abu sai ya gama gyara shi. Irin wannan ake nema a gida."

Tun daga ranar keken Umma ya koyi lalacewa duk sati. Da idona na taɓa kama ta tana sassauta wani noti da wuƙar kicin. Kuma duk ranar da zai zo, sai a ce Auta kawo ruwa, Auta kawo shayi, Auta canza mayafin nan ya koɗe. Bayan wata huɗu ya yi maganar aurena, ta hannun Umma, don shi ko kallona sosai bai iya yi. Gwaggo ta zo takanas ta zauna min a gefen gado.

"Me kike jira? Yana da sana'a, yana da kunya, ba ya shan komai. Ko sai wanda zai sauko daga sama?"

Ban ƙi shi ba, wallahi. Ban dai san shi ba. Mutumin da kullum fuskarsa a shirye take, a goge kamar rigar zuwa ofis, ta ina za ki shiga? Baba Mai Hoto ya taɓa ce min fuskar mutum ta gaskiya tana fitowa ne a daidai lokacin da ya manta ana kallonsa. Sai dabara ta faɗo min. Na ce zan riƙa ɗaukarsa bai shirya ba, in an wanke in baje hotunan a kan gado in karanta shi kamar takardar jarrabawa.

Na ce, "Umma, ki ba ni fim ɗaya. Ranar da ya ƙare aka wanke, zan ba ku amsa."

"Hoto nawa ne a ciki?"

"Talatin da shida."

Ta yi dariya. Ita a saninta, jikokinta suna ɗaukar talatin da shida kafin shayi ya huce. "Na yarda," in ji ta. Ba ta san wata uku zan ja ta ba.

Fim huɗun da na yi a baya duk Baba ne ya saka min. Wannan na biyar na ce ni ma ai na girma. A kan gadona na buɗe bayan kyamarar, waya maƙale a kafaɗata ina hira da Yaya, na ja harshen fim ɗin na cusa inda na ga Baba yana cusawa, na rufe ƙirif. Na ja ɗan hannun da ake ja da babban yatsa, lamba ta motsa a 'yar tagarta. Na ce ashe abin ba wuya.

Ina da wani ƙaramin littafi da nake rubuta kowane hoto, yadda Baba ya koya min. Ga kaɗan daga ciki, ku ga irin haukan:

Na uku. Hannunsa cikin baƙin mai, yana zura zare a allura ba tare da ya kalla ba.

Na tara. Yana shan shayi ya ƙone harshe, yana ƙoƙarin ɓoyewa.

Na sha huɗu. Kyanwar maƙwabta ta hau cinyarsa, ya ƙi motsi har ƙafarsa ta yi sanyi.

Na sha takwas. Yana sauraron Abba yana ba da labarin zamanin da yake aiki a gidan waya, karo na uku, kamar bai taɓa ji ba.

Kullum in na danna sai ya ɗago ya ce, "Mu gani."

"Ba a gani."

"To yaushe?"

"In ya ƙare."

Sai ya yi ɗan murmushi ya sunkuyar da kai, don Umma ta riga ta gaya masa abin da ƙarewar fim ɗin take nufi.

Yanzu mu zo kan na ashirin da biyu.

Mijin Yaya ya samu aiki a wata ƙasa mai nisa, irin wadda in muna rana suna dare. Shekara biyar aka ce. Ranar Lahadi kowa ya taru a gidanmu don sallama, tafiya kuma sai Laraba. Ana ta raha, amma kowa yana wani lissafi a ransa da ba a faɗa: shekara biyar, da shekarun Abba saba'in da huɗu. Ni dai tsoro nake ji, in faɗa muku gaskiya.

Abbanmu ba ya yarda a ɗauke shi hoto. Kina ɗaga waya zai juya ƙeya. Cewa yake waya ba ɗaukar mutum take yi ba, satarsa take yi. Duk gidanmu babu hotonsa da jikokinsa ko ɗaya. Amma ranar, da ya ga kyamarar a wuyana, sai ya ce, "Kawo nan." Ya auna nauyinta a tafinsa, ya kai ta kunne kamar mai sauraron ƙarar madanni, ya ce, "Wannan ita ce kyamara. Ku fito da kujeru."

Umma har da tafi. Aka yi ta guje-guje. Yaya ta saka doguwar rigarta ruwan toka mai aiki a wuya, Umma ta sake ɗaurin kallabi sau uku, aka goge wa yara baki. Abba ya shiga ɗaki ya fito da farar rigar da ya daɗe bai saka ba, har layin ninki yana nan a ƙirji. Mijin Yaya ya zaro waya, na daka masa tsawa.

"Kada wanda ya ɗaga waya! Abba zai tashi."

Gwaggo ta taɓe baki. "Mu dai Allah Ya sa wannan tsohon ƙarfen naki ya san abin da yake yi."

"Gwaggo, wannan hoton sai jikokin jikokinki sun gan shi."

Na auna haske, na daidaita komai, sannan na tuna ni ma ina son shiga. Mai Keke na gefe, ya zo taya ɗaure akwatuna. Na rataya masa kyamarar na nuna masa inda zai danna, na ruga na durƙusa a gaban Abba. Daidai lokacin 'yar autar Yaya ta miƙa hannu ta cire wa Abba tabarau ta ɗora a hancinta. Abba ya fashe da dariya, irin wadda rabon da in ji tun ina makarantar sakandare. Sai na ji ƙyas.

"Ka samu?" na ce.

"Na danna."

"Ja hannun nan, ka ƙara ɗaya."

Ya ja. Sai na ga ya tsaya. Ya kalli saman kyamarar, ya daɗe, sannan ya ɗago ya kalle ni, kallon da bai taɓa yi min ba. Ni kuwa da yake na ƙoshi da labaran soyayya, sai na fassara kallon yadda raina ke so, har na sunkuyar da kai ina jin kunya. Kafin ya ƙara wani, Abba ya miƙe ya ce ɗaya ya isa, ba kasuwa aka zo ba.

Kwana biyun da suka biyo baya duk wanda na haɗu da shi sai na ba shi labarin dariyar Abba. Laraba muka raka su Yaya. Tana rungume da ni tana kuka ta ce, "Auta, hoton nan. Ki yi min babba, a bango zan kafa."

Daga nan kusan kullum sai saƙonta ya shigo: *Ina hotonmu?* Ni kuma: *Saura goma.* *Saura shida.* Na daina ja wa Umma rai, na fara ɗauka da sauri, don ni ma na ƙagu.

Talatin da shida ya zo. Na ja hannun ina jiran ya cije, don haka yake yi in fim ya ƙare. Bai cije ba. Na ce to, Baba ya ce wani lokaci akan samu gyara, ɗaya ko biyu. Na ɗauki bishiyar ƙofar gida, talatin da bakwai. Takalman Umma, talatin da takwas. Lambar taga ta tsaya cak, hannu kuwa yana ta tafiya salin-alin. A littafina na kai arba'in da ɗaya.

Umma ta leƙo. "Wai fim ɗin nan naki rijiya ce? Ni fa na iya ƙirga."

Ranar Asabar da safe na sa mayafi na nufi shagon Baba. Har a lokacin ban tsorata ba, mamaki kawai nake yi, ina tunanin ko na dace da wani dogon fim ne na musamman.

Baba ya saurare ni har na gama. Ya ɗauko baƙar jakarsa mai hannuwa biyu, wadda ake buɗe kyamara a ciki don kada haske ya taɓa fim. Ya zura kyamarar, ya zuge, ya cusa hannuwansa har gwiwa. Ni ina kallon fuskarsa, don ita kaɗai ce za ta gaya min abin da yatsunsa ke gani. Girarsa ta ɗaga. Ya ja numfashi. Sai kawai ya zuge jakar ya fito da kyamarar a buɗe, cikin hasken rana.

Na yi ƙara har mai shagon kusa ya leƙo. "Baba! Haske! Za ka ƙona min su!"

"Babu abin ƙonawa, 'yata. Duba."

Harshen fim ɗin na kwance a inda na ajiye shi wata uku da suka wuce. Bai matsa ko taku ɗaya ba. Sauran duk yana naɗe cikin gwangwaninsa.

"Bai kama haƙoran da ke jansa ba," in ji Baba. "Ke ba 'yar tela ba ce? Kin taɓa ganin an taka keke babu zaren ƙasa? Allura na hawa tana sauka, ƙara na tashi, ki kai ƙarshen yadi ki ɗaga, ya rabu biyu a hannunki."

"To hotunan suna ina?"

"Ba su taɓa zuwa ba."

Na zauna a bencin. Ya nuna min wani ɗan abin murɗawa a saman kyamarar ta hagu, shi yana kiransa kunne. Ya ce duk lokacin da aka ja hannu, in fim ya kama, dole kunnen nan ya juya. In bai juya ba, iska kike ɗauka. Ya rantse ya gaya min tun ranar farko. Na san ya faɗa, ni ce hankalina yana kan yadda kyamarar ta yi min kyau a wuya.

Ina share hawaye da bakin mayafi ya ce, "Amma ni abin da ya ɗaure min kai, ashe yaron nan bai gaya miki ba?"

"Wane yaro?"

"Dogon nan mai sukundireba a aljihu. Ya zo nan wata Litinin da sassafe, ko shago ban gama buɗewa ba. Ya kwatanta min kyamararki tsaf. Ya ce ya ja hannu ya ji babu nauyi, kuma kunne bai motsa ba, me ke nan? Na ce fim bai kama ba. Ya ce akwai yadda za a dawo da abin da aka ɗauka? Na ce ko ni da na shekara arba'in a kan wannan aiki ban iya ba. Ya daɗe tsaye a nan inda kike, sannan ya yi godiya ya tafi."

Litinin. Su Yaya kuwa sai Laraba suka tafi. Kwana biyu cur, Abba na gida, farar rigar na rataye, yaran na tsalle a tsakar gida. Kalma ɗaya daga bakinsa da an sake fito da kujeru.

Baƙin ciki na ji da farko, daga baya haushi ya taso ya danne shi. Amma ku san halina, har a cikin haushin akwai wata 'yar murya da ke tambaya: me ya sa? Me zai sa mutum ya yi sammako ya nemi shagon da bai taɓa zuwa ba saboda hotona, sannan ya dawo ya zauna a ɗakinmu sati biyar yana shan shayi bai ce komai ba?

Baba ya rufe kyamarar ya miƙo min da fim ɗin daban. "Ɗan bakin nan ne kawai ya sha haske. Sauran sabo ne fil. Ki je ki saka da kanki, wannan karon ki kalli kunne."

Ina cikin mota wayata ta yi ƙara. Yaya ce.

*Umma ta ce kin kai wanki yau!!! Ya fito? Abba ya yi kyau?*

Na rubuta: *Yaya, akwai matsala.* Na goge. Na rubuta: *Ki yi haƙuri, hoton bai…* Na goge. Na tuna ta a can ita kaɗai, cikin sanyi, ta riga ta sayi firam ta turo min hotonsa a jingine da bango. Na ce bari dai in fara tunanin yadda zan yi. Sai na rubuta: *Ana kan wankewa.* Na tura, har da 'yar fuskar murmushi.

Sannan na buɗe sunan da na ajiye a matsayin Mai Keke.

*Keken Umma ya lalace. Ka zo da yamma.*

*Shekaranjiya fa na duba shi.*

*Ka zo.*

Ya daɗe yana rubutu yana tsayawa. Daga ƙarshe: *To.*

Ban yi kwalliya ba. Baƙar doguwar rigata ta zaman gida na bari, da mayafin da Umma ta ce ya koɗe. Ya iso ƙarfe biyar, cikin riga mai ruwan sararin sama an goge ta har tana ƙyalli, sukundireba a mazauninsa. Umma ta amsa gaisuwarsa ta ce bari ta duba wani abu a ciki, ta bar ƙofa a buɗe daidai faɗin kunne ɗaya.

Ya nufi keke. Na ce, "Ba shi ba ne." Na ajiye kyamarar da gwangwanin fim a kan teburin yanka, tsakanin almakashi da alli.

Kallo ɗaya ya yi musu ya zauna a kujerar ɗinki.

"Kin je wurin Baba."

"Na je. Ya ce in gaishe ka."

Ya ƙura wa gwangwanin ido.

"Litinin ka sani. Laraba suka tafi. Ni lissafi nake koyarwa, amma wannan ya fi ƙarfina. Taimaka min."

Ya zaro sukundireban yana juya shi a yatsunsa. "Ranar Lahadin ban tabbata ba. Kuma Gwaggo na tsaye, ta gama yi miki gori. Na ce in na yi magana a gaban mutane na kunyata ki, wataƙila ma ni ne ban gane ba."

"Litinin fa?"

"Litinin na zo gidan nan da niyyar faɗa. Na same ki a bakin ƙofa kina ba maƙwabciya labarin dariyar Abba, kina kwaikwayonsa. Ban taɓa ganin kin yi farin ciki haka ba. Na ce bari in fara nemo mafita, in zo miki da matsalar da maganinta tare. Na tambayi wani mai hoto a can gefen kamfaninmu. Na kwana biyu ina bincike a waya. Ina cikin nema Laraba ta yi."

"Mafitar ai ita ce ka buɗe baki! A sake fito da kujeru, shi ke nan!"

"Na gane haka ranar Laraba da yamma."

"Sannan sati biyar?"

"Kullum sai ta fi jiya nauyi." Ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Ni tun ina yaro, in abu ya lalace a gida, gyarawa nake kafin mahaifiyata ta gani. Ban iya zuwa wa mutum da mummunan labari hannu rabbana ba. Ban taɓa koya ba."

Abin da Umma ta fi yabo a jikinsa ke nan, shi ne kuma ya cinye min hoton Abba. Na ji motsi a bayan ƙofa, na san ita ma ta ji.

"To in an yi auren fa?" na ce. "Ranar da likita ya gaya maka wani abu a kaina, ko aiki ya tsaya, ko wani abu ya samu ɗanmu a makaranta? Sai in zauna ina dariya a bakin ƙofa, kai kana can kana nemo mafita?"

Bai kare kansa ba. Ya ajiye sukundireban a kan tebur, a hankali, ya ce, "Wannan ban iya gyara shi ba. Na yi miki laifi, kuma ba ni da abin da zan ba ki a madadinsa."

Sau goma sha ɗaya na ɗauki mutumin nan a ɓoye ina neman fuskarsa ta gaskiya. Ga ta yau a gabana, ba shiri, ba guga, kyamarata kuma babu fim a ciki.

Wayata ta yi ƙara a kan tebur, fuskarta a sama. Kafin in kai hannu duk mun gani.

*Har yanzu ana wankewar? Yara sun ƙi barci, wai sai sun ga Kaka da tabarau.*

Ya karanta. Ya kalli saƙon da ke samansa, nawa, mai 'yar fuskar murmushi. Ya kawar da kai, kuma wallahi da faɗa ya yi min da ya fi min sauƙi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi sati biyar ya yi, ni awa bakwai, amma hanyar ɗaya ce, kuma na san daɗin takunta. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi.

"Sau biyu na rubuta na goge," na ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni sau tara."

Na kusa dariya, hawaye suka riga ta fitowa.

Na jawo kyamarar na buɗe bayanta. Na saka fim ɗin, na ja harshensa na cusa, na tabbata ramukan gefensa sun hau haƙora ɗaya bayan ɗaya. Na rufe. Yana kallon hannuna bai sa baki ba, ko da yake na ga yatsunsa suna motsi.

Sannan na tura masa wayata.

"Kira Yaya. Kai za ka fara, ka faɗi naka da bakinka, ba kwana-kwana. In ka gama ka miƙo min in faɗi nawa. Daga nan mu shiga wurin Abba."

"Abba?"

"Shi ya saka farar riga."

Daga bayan ƙofa Umma ta kasa daurewa. "Auta, wai fim ɗin ya ƙare ko bai ƙare ba? Me zan ce wa Gwaggonki?"

"Ki ce mata ta riƙe waya a hannu, Umma. Yanzu za a sani."

Ya goge tafinsa a gwiwa, ya goge kuma. Ya ɗauki wayar kamar garwashi. Na ga babban yatsansa ya tsaya a kan sunan Yaya, ya daɗe, har na fara cewa a raina shi ke nan, ga amsata. Sai ya danna, ya kuma saka ta a lasifika ba tare da na ce ya yi ba.

Ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu. Na ɗaga kyamarar na sa ido. Hasken yamma na shigowa ta taga yana sauka a rabin fuskarsa, gumi na tsattsafowa a goshinsa, amma bai ajiye wayar ba.

"Auta!" Muryar Yaya ta cika ɗakin, yara na ihu a bayanta. "Ya fito?"

"Yaya, ba Auta ba ce, ni ne," in ji shi. "Hoton bai fito ba. Kuma na sani tun kafin ku tafi."

Na danna. Na ja hannun da babban yatsana, idona a kan kunnen hagu.

Ya juya.